Bille Biyu a Fuskar Masassaƙi

Na manta abubuwa da yawa. Na manta sunan garin da aka haife ni, na manta muryar uwata, yawan bulalar da na sha ma ban riƙe ba. Amma ranar da na sa aska a fuskar tsohon masassaƙin nan, ita kam sai dai a binne mu tare. Ban yi allo ba, ban yi boko ba, faɗa nake ana rubutawa. Ba zan kama sunan kowa ba. Duk sun mutu sai ni, kuma laifin da ke cikin labarin nawa ne.

Abin ya faru tun kafin Turawa su ci ƙasar nan. A lokacin ni bawa ne a wani rinji tsakanin Malumfashi da Kafur, ƙauyen da wani mai dukiya ya ajiye mu muna noma masa dawa da auduga. Sau biyu aka sayar da ni kafin in iso can. Na tarar da wani tsohon bawa wanzami, na riƙe masa kai yana aiki har hannuna ya faɗa, da ya mutu zabirarsa ta zama tawa. Da safe ina kan garma a gandun ubangida har azahar, da yamma in rataya zabira. Aski, ƙaho, kaciya, zanen jarirai ranar suna, duk ni ne a ƙauyuka uku. Akwai kuma wani aikin da ba na so a tuna mini. Gidan ubangidanmu yana da shaida, bille biyu gajeru a ƙarƙashin idon hagu. Ba kowane bawa ake yi wa ba, sai wanda ya gudu aka kamo shi, don duk inda ya sake shiga fuskarsa ta tona shi. Ni nake yanka ta. Na yi wa mutum huɗu kafin wannan, ban rasa barci ba.

Ina da mata, baiwa ce ita ma, daga ƙasar Gwari aka kawo ta. Ba ta da yawan magana, ni ma haka, shi ya sa muka zauna lafiya. A shekarar tana da cikin fari.

Da damina muna huɗar dawa, garma ta zame ta sare ni a ƙwauri. Ciwon bai kai komai ba. Da na wanke na ɗaure, kwana goma ya isa. Ni da nake warkar da na mutane, na ƙyale nawa. Ya kumbura, ya fashe, ya zama gyambo, ƙudaje suna bina kamar mahauci. Matata ta yi magana har ta gaji. Amsata ɗaya ce: ƙafar ubangida ce, in ta ruɓe shi ya yi asara. Haka na ɗauki jikina duka. Ranar kasuwa in shiga gidajen Maguzawa in sha giya har a tsallake ni a kan hanya, in nemi faɗa da wanda na san zai fasa mini baki. A ganina duk abin da na ɓata a jikin nan, mai shi na rage wa. Ita ce kaɗai ramuwar da nake da ita.

Cikin wannan daminar tsohon ya zo, ya biyo ayarin fatake masu dawowa daga Nufe. Ɗan Maguzawan wajen Kafur ne. Mahara sun kama shi yana saurayi, aka yi ta sayar da shi kudu har bakin kogin Kwara. A Lakwaja wasu mutane masu bin Isa Almasihu suka fanshe shi, suka 'yanta shi, ya koyi sassaƙa, ya bi addininsu. Da furfura ta fito masa sai ya ce zai zo ya ga danginsa. Ya tarar da garinsu ya zama kufai, sai kukoki da fasassun tukwane. Bai koma ba. Ya kafa bukka a gindin wata ɗorawa kusa da rinjinmu, yana sassaƙa ƙota da turmi da kujerar mata. Ba ya salla irin ta Musulmi, ba ya yanka wa iskoki kaza kamar Maguzawa, ranar Lahadi kuma ko gizago ba ya taɓawa. Mutane suka ce kogi ya taɓa masa kai. Amma ƙotarsa ba ta tsagewa, don haka aka ƙyale shi.

Na fara zuwa wurinsa ne don aski. Wanzami ya san kan mutum da fuskarsa fiye da matarsa. Ina cikin aiki na ga wani tabo a ƙarƙashin idonsa na hagu, na tambaye shi. Ya ce igiyar jirgi ce ta tsinke a Kwara ta zabge shi, saura kaɗan ta tafi da idon. Na shafa da babban yatsa, na ce haka ne. Tabon aska siriri ne, bakinsa a miƙe. Wannan faffaɗa ne, gefensa a yage. Ko makaho, in dai wanzami ne, zai bambance.

Da na gama ya dubi ƙafata, ya toshe hanci.

"Wanzam, wannan mushen da kake ja, na waye?"

Na ce, "Na ubangidana ne. In kana so ya sayar maka."

Ya yi dariya, ya ce in zauna. Na ce ina da aiki. Ya ce to ba zai ba ni ladan aski ba sai na zauna. Na zauna. Ya ɗora ruwa ya tafasa, ya kwance wani ƙullin tsumma, ya ɗebi gishiri ya zuba. Wanda bai ga zamanin ba ba zai san abin da wannan yake nufi ba. Mu a rinji sai mu yi wata ba mu ji gishiri a miya ba. Shi kuwa a ƙafar bawan wani ya zuba nasa. Ya wanke gyambon da hannunsa, ya matse ruɓar, ya barbaɗa garin bagaruwa, ya ɗaure. Na zage shi tas don zafi. Ya ce, "Zagi dai, amma gobe ka dawo."

Na dawo. Ban san dalili ba har yau. Wata biyu cur kullum da yamma ina miƙa masa ƙafa, yana wankewa yana magana. Shi mai surutu ne, ni kuwa sai dai in yi gunaguni.

Wata rana ya ce, "Kana cewa ƙafar ubangidanka ce. Shi ya ƙera ta?"

Na ce a'a.

"Ya iya ƙera ko farce ɗaya?"

"Bai iya ba. Amma ya saya."

"Aikinta ya saya. Ita kanta tana da mai ita. Wanda ya yi ka, nasa kake, daga gashin kai har tafin ƙafa. Kuma bai tsaya a yi ba. Da muka ɓace masa, Almasihu ya biyo mu ya fanso mu. An riga an saye ka, ɗana."

Na ce, "Baba, sau biyu aka saye ni, na san ɗanɗanon abin. Yanzu albishirin na uku kake yi mini?"

Ya yi dariya har ya saki tsumman. Ya ce, "Waɗancan da kuɗin wuri suka saye ka don su more ka. Wannan da jininsa ya biya, don ya zauna tare da kai. Jikin nan ɗaki ne, Ruhun Allah yake so ya sauka a ciki. Kai za ka sauki babban baƙo a ɗakin da ka bar wa ƙudaje da warin giya?"

"In nasa nake, me ya sa nake huɗar gonar wani?"

Ya ƙarasa ɗaurin. Sannan ya ce, "Ban sani ba. Ni ma na yi wannan tambayar shekara da shekaru, da marin ƙarfe a ƙafata. Abin da na sani, ko cikin marin ban taɓa zama nasu ba." Ya kama hannuna na dama ya juya shi. "Wannan ma haka. Aro aka ba ka. Wata rana mai shi zai tambaye ka abin da ka yi da shi."

Na fizge hannuna, na ce surutun tsufa ne. Amma ranar kasuwar da ta biyo ban je gidan giya ba. Matata ta dube ni, ta ƙara mini tuwo.

Kaka ta yi, aka yanke dawa, gyambon ya tsuke saura kamar bakin ludayi. A lokacin ubangidanmu ya zo rinji ganin dammuna. Yana neman wata 'yar sarauta a wurin manya, kowa ya sani. Ya aika in zo in yi masa aski. Na durƙusa na gaishe shi, na jiƙa kansa, na fara. Sai da na zo gyaran gemu ya yi magana, a hankali, ba ya ko kallona.

"Wanzam, bana sai na kai wa manya mutum ɗaya gaisuwa. Na duba rinjin nan, matarka ce ba ta da amfani a gona yanzu. Wanda aka ba kuma ya sami biyu, ita da cikin."

Askata tana kan maƙogwaronsa, amma ni ne a hannunsa.

Ya ce, "Sai dai wannan tsohon na gindin ɗorawa. Kamar na san shi. Zamanin babana wani bawanmu ya taɓa gudu sau biyu, ba a sake ganinsa ba. Ka taɓa duba ƙarƙashin idonsa?"

Na ce, "Na duba, ranka ya daɗe. Tabon igiya ne."

"Ka sake dubawa. Ido yakan yi kuskure. Masassaƙi kuma ya fi mace mai ciki shiga ran manya. Jibi za a kira shi gaban dagaci."

Shi ke nan abin da ya faɗa. Bai daka mini tsawa ba, bai nuna mini bulala ba. Na goge askata na tashi.

Kwana biyu nake da su. Ban gaya wa matata ba. Ban gaya wa tsohon ba. Da na ce masa kalma ɗaya, da kafin jibi ya kai Maska ko ya wuce Funtuwa. Na san haka, kuma na san in ya tafi matata ce za ta tafi. Ga abin da ya fi ci mini rai har yau: duka yammacin nan biyu na je gindin ɗorawa, na zauna a kan guntun itacen da na saba, na miƙa masa ƙafa. Ya wanke. Yana ta murna wai naman ya fara fitowa ja, yana cewa zai sassaƙa wa matata ƙaramar kujera ta wankan jego. Na ce to.

Ranar da aka sa, da hantsi, aka taru a ƙofar gidan dagaci a inuwar cediya. Dagacin surukin ubangidanmu ne. Aka zo da tsohon, da ɓarɓashin itace a rigarsa, bai san abin da ake ciki ba. Da ya ji ƙarar, ya ce shi ɗa ne ba bawa ba, ɗan ƙasar nan, an kama shi da zalunci kuma an 'yanta shi a gaban shaidu. Ya ciro wata laya daga wuyansa, ya farke ta, ya fito da takarda. Aka miƙa wa liman. Liman ya duba, ya juya ta sama, ya juya ta ƙasa, ya kai ta kusa da ido.

Ya ce, "Wannan ba Larabci ba ne, ba ajami ba ne. Kamar tururuwa ce ta faɗa tawada ta fito. Ba zan ce ƙarya ce ba, ba zan ce gaskiya ce ba. A kai maganar gaban alƙali."

Dagaci ya ce ba sai an wahalar da alƙali ba, takarda ba ta magana amma fuska tana yi, a kira wanzami. Haka al'adar take. In aka yi gardamar asalin baƙo, wanzami ake kira ya karanta zanen fuskarsa. Liman ya ce shaidar bawa ba ta tsayawa a kan ɗa. Dagaci ya ce ai ba shaida zai yi ba, sana'arsa zai yi.

Na fito ina ɗingishi. Tsohon da ya gan ni sai fuskarsa ta saki, har ya yi murmushi. Ya ɗaga mini haɓa da kansa don in gani da kyau.

Liman ya ce, "Wanzam, ka ji tsoron Allah. Bautar da ɗa ba ƙaramin abu ba ne."

Na sa yatsa a kumatunsa. Dogayen tsage ne daga gefen kunne zuwa baki, an yi su tun yana jariri, sun girma tare da shi. Na ce waɗannan na Maguzawan ƙasar nan ne. Mutane suka ce haka ne. Sannan na kai yatsa ƙarƙashin idon hagu. Na daɗe a wurin, kamar mai bincike. Babu abin da nake bincike. Tabon yana nan yadda na san shi, faffaɗa, a yage.

Na ce, "Wannan aska ce. Bille biyu ne aka goge da wuta don a ɓatar. Shaidar gidanmu ce."

Bai yi ihu ba. Murmushin ne kawai ya tafi. Ya ce, "Ɗana?" Sau ɗaya, a hankali. Na dubi ƙasa.

Liman ya tashi ya kaɗe rigarsa, ya ajiye takardar a gaban dagaci, ya ce babu hannunsa, ya tafi. Ubangidanmu ya ce, "To a sabunta masa, kada ya ƙara mantawa da gida." Wannan ban yi tsammaninta ba. Na zaci magana kawai zan yi in tafi. Wauta ce. Wa zai yanka in ba ni ba?

Aka sa ƙarti biyu su danne shi. Tsohon ya ce ba sai an danne shi ba. In za a yi zanen fuska, wanzami yakan zauna ya miƙe ƙafa, wanda za a yi wa ya kwanta ya ɗora kai a cinyarsa. Na zauna, na miƙe ƙafa. Ya kwanta, ya ɗora kansa a kan ƙafar nan da ya yi wata biyu yana wankewa. Daga inda yake yana ganin ƙwaurina. Da safen ban ɗaure ba.

Ya ce, "Ka bar ta a buɗe. Saura kaɗan fa, kada ka yi sake."

Na ce, "Baba, ka yi shiru."

"Yanka. Mai fuskar nan ya san abarsa, ko ka cika ta da zane ba za ta ɓace masa ba. Hannunka nake ji wa."

Na yanka. Hannuna bai yi rawa ba, wannan ma in faɗa. Bille biyu, gajeru, daidai, mafi kyau da na taɓa yi. Jini ya gangaro ya shiga kunnensa ya ɗiga a cinyata. Ubangida yana tsaye a kaina, don haka na ɗebi baƙin tukunya na cusa a ciwon yadda ake yi, don zanen ya fito baƙi ya zauna har mutuwa. Sai a lokacin ya yi nishi. Hawaye ya fito daga idon, ya bi ta cikin baƙin.

Aka sa masa mari, aka kulle shi a wani ɗaki a gidan dagaci, aka ce bayan kwana uku za a tafi da shi. A sana'armu wanda ya yanka shi yake jinyar ciwon har ya kame. Dole na je. Washegari da safe na tafasa ruwa na shiga. Idon ya kumbura ya rufe. Na durƙusa ina wankewa, ba mai magana. Wannan mai surutun, ko kalma. A rana ta biyu na kasa jurewa.

Na ce, "Matata za a kai. Ko ita ko kai."

Ya ce, "Na ji. Matan gidan nan sun gaya mini."

Na jira ya ce ba komai. Bai ce ba.

Ya ce, "Da ka zo ka faɗa mini. Ban san abin da zan yi ba, wataƙila in gudu in bar ku, ni ma mutum ne. Wataƙila in tsaya. Amma da ka faɗa mini. Ka zauna ina wanke maka ƙafa, ka sani, ka yi shiru." Ya juyar da kai bango. "Shekara ashirin ina ɗa. Kada ka zaci bai yi zafi ba. An umarce ni in yafe, ina roƙo a ba ni ikon, ba a ba ni ba tukuna. Ka dawo gobe."

Ban ce ya yafe mini ba. Bakina ya ƙi. Na kwashe kayana na fita.

Da gari ya waye na zo da ruwan zafi, na tarar da ɗakin a buɗe. Sun tafi tun da sassafe don kada rana ta same su a hanya. Na koma rinji. Matata tana zaune a ƙofar bukka, a gabanta ga gizagonsa, ga ƙullin tsumman nan na gishiri. Ta riga ni zuwa, ta kai masa fura a bakin hanya. A can ta ji komai, shi kuma ya ce ta ɗauko kayan nan a bukkarsa.

Ta ce, "Ya ce in gaya maka an ba shi abin da ya roƙa. Ya ce kuma ka ƙarasa wanke ƙafar."

Akwai turmi a tsakar gida, shi ya sassaƙa mana. Na kifar da shi, na shimfiɗa hannuna na dama a kai, na ɗauki gizagon da hagu na ɗaga. Ba wasa nake ba. Na ga in na sare yatsun nan, mun yi daidai. Ta taso da cikinta ta riƙe ƙotar da hannu biyu. Ban taɓa sanin tana da ƙarfi haka ba.

Ta ce, "Na wa za ka sare?"

Na ce, "Nawa."

"Ƙarya kake. Kullum ka dawo daga gindin ɗorawa sai ka maimaita mini maganarsa kana dariya, na riƙe ko kai ba ka riƙe ba. Ka yanki fuskar da ba taka ba, yanzu kuma za ka sare hannun da ba naka ba? Ɓarna biyu ke nan. Za ta goge masa billen?"

Na ce, "Saboda ke na yi."

Ta ce, "Na sani. Ni ma zan ɗauki nawa kason har in mutu. Saki gizagon."

Na saki. Ta ɗora ruwa, ta kwance tsumman, ta zuba gishirin. Na zauna a kan turmin na wanke ƙafata da kaina, karo na farko. A nan na yi kuka, ban kuma taɓa yi ba tun ranar da aka raba ni da uwata.

Ƙafar ta warke. Matata ta haifi mace. Mun zauna tare shekara talatin da wani abu, kuma ba zan yi ƙarya in ce na yi baƙin cikin zamanta ba. Wannan shi ne nauyin abin. Duk ranar da na dubi 'yata tana dariya, na san da fuskar wa aka biya.

Shekara ta kewayo, wani bawa ya gudu aka kamo shi, aka kira ni da zabira. Na ce ba zan yanka ba. Ubangida ya ce me ya sami hannun. Na ce ba nawa ba ne, mai shi bai yarda ba. Ya zaci na haukace. Aka ɗaure ni a jikin turke aka yi mini dukan da na yi sati ina kwana rub da ciki, aka karɓe zabirar, na koma garma ita kaɗai. Kada wani ya ce na yi jarunta. An kawo wanzami daga wani gari ya yanka wa mutumin billensa a ranar. Ban ceci kowa ba. Hannun kawai na hana.

Da Turawa suka zo, bauta ta yi ta sakwarkwacewa har rinjin ya watse. Na yi ta tambayar fatake ko sun ga tsoho masassaƙi mai bille biyu a idon hagu. Wani ya ce ya ga mai kama da shi wajen Musawa, wani ya ce ya mutu a hanyar Katsina. Ban san gaskiya ba. Bayan shekaru masu yawa, na tsufa, wasu masu wa'azi suka fara zagaya ƙauyukan Maguzawa. Na tsaya a bayan taro ina ji, sai ga maganar gindin ɗorawa tana fitowa daga bakin wanda bai taɓa ganin tsohon ba. Da aka gama na je na ce ni na daɗe da sanin wannan, a fuskar mutum na koye ta. Na ba su labarin kamar yadda na ba ku. Tun daga ranar nake bin wannan hanya.

An ce mini an gafarta mini, na kuma gaskata. Kunyar dai ba ta tafi ba, ban kuma roƙi ta tafi ba. Tabon yana nan a ƙwaurina, fari, kamar bakin ludayi. Hannun ma yana nan, yatsu biyar, yanzu rawa yake yi ko cokali ba ya riƙewa da kyau.

Abin da na koya ba shi da yawa. Na yi zaton jikina na wanda ya saye ni ne, na wulakanta shi. Na yi zaton nawa ne, na yi ɓarna da shi, har na so in sare shi. Duka biyu kuskure ne. Na Allah ne, nawa da na wanda ke kwance a cinyata. Kayan aro ba a barinsa ya ruɓe, ba a cutar wani da shi, ba a kuma fasa shi don haushin kai. Ana wanke shi, a yi aikin kirki da shi, a jira mai shi. Ni nawa ya kusa komawa. Zan miƙa hannun nan yadda yake, in faɗi abin da ya yi, ba zan rage komai ba.